Na Iya Ƙirga Karta, Na Kasa Ƙirga Raka'a

Assalamu alaikum warahmatullah. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na maigidana ba, domin bawan Allahn nan ya rufa mini asiri, bai kamata in tone da bakina abin da ya binne ba. Ni haifaffen Fagge ne, shekarata 39, ina da mata da 'ya'ya huɗu, kuma tun ina ɗan shekara 16 nake neman abinci a Kantin Kwari.

Allah ya ba ni kan lissafi. Kafin mai saye ya gama faɗin turmi nawa na atamfa da yadi nawa na shadda yake so, na riga na fitar da jimla a ka, har da ragin da za a yi masa. Alhaji yakan ture kalkuleta gefe ya ce, "Ku tambayi yaron nan." Da haka na tashi daga ɗaukar dila zuwa riƙe littafi, daga nan makullin sito ya zo hannuna, har ta kai ni ake turawa Legas in tsaya a fito da kaya daga Apapa.

A Legas ɗin ne, cikin 2017, wani da yake taya mu aikin fiton kaya ya ja ni wani otal da daddare. Ban yi wasa ba ranar. Lemo na sha, ina tsaye ina kallon wani tebur mai siffar rabin wata, an shimfiɗa masa koren ƙyalle. Wasan da ake yi sunansa blackjack. Kowa yana neman kartarsa ta kai 21 ko kusa da ita ba tare da ta zarce ba, kuma ba da juna ake karawa ba, da mai rabo ake yi, wato da gidan. Daga 2 zuwa 10 kowace karta darajarta lambarta, masu hoto J da Q da K goma-goma ne, mai harafin A kuwa ɗaya ce ko sha ɗaya, yadda ta fi maka. Mai rabo ba shi da zaɓi, dole ya yi ta ja har sai ya kai 17. Akwai wani dattijo a ƙarshen teburin da ya daɗe yana zuba kuɗi kaɗan-kaɗan, can sai na ga ya ninka sau shida. Abokin tafiyata ya raɗa mini a kunne, "Wancan ba caca yake yi ba, lissafi yake."

Da wannan maganar na dawo Kano, ita ce kuma ta ci mini shekara biyar.

Na shiga bincike a waya, dare bayan dare, kuma abin da na tarar gaskiya ne, har gobe ba zan ce ƙarya ba ne. A 1956 wasu mutum huɗu da ke aikin soja a Amurka suka fitar da hanyar da ta fi dacewa a buga kowane hannu, da injin lissafi na tebur suka yi aikin. A 1962 wani malamin lissafi, Edward Thorp, wanda ya yi amfani da kwamfutar IBM a jami'ar MIT ta Amurka, ya wallafa littafin da ya nuna cewa ana iya rinjayar gidan caca a wannan wasa. Shekara ɗaya bayan haka Harvey Dubner ya gabatar da hanyar ƙirge mai sauƙi da ake kira Hi-Lo. Daga baya ɗaliban MIT suka kafa gungu suna zagaya gidajen caca da ita. Ni da ban wuce sakandare ba, sai na ji kamar an buɗe mini ƙofar ajin da talauci ya rufe mini.

Sirrin abin ɗaya ne. Kartar da ta fita ba ta komawa sai an sake gauraya duka, saboda haka abin da ya wuce yana ba ka labarin abin da ya rage. Idan manya suka yi yawa a cikin saura, wato goma-goma da masu A, mai wasa ne ke da rinjaye: ya fi samun 21 da karta biyu na farko, wanda ake biya ɗaya da rabi, shi kuma mai rabo da doka ta tilasta masa ja a kan 15 ko 16 ya fi saurin zarcewa. Idan ƙanana suka yi yawa, gida ne ke da rinjaye. Mutane suna zaton haddace kowace karta ake yi. A'a. Lamba ɗaya tak kake riƙewa a ka. Duk kartar da ta fito daga 2 zuwa 6 ka ƙara ɗaya. Daga 7 zuwa 9 ba ruwanka da su. Goma, masu hoto da A ka rage ɗaya. In lambar ta hau, manya ne suka yi yawa a saura, sai ka ƙara zubi. A kwali ɗaya mai karta 52, ƙananan 20 ne, manyan 20, na tsakiya 12, don haka in ka ƙirga kwali har ƙarshe ba kuskure, dole ka dira a kan sifili.

Sai dai ba da kwali ɗaya ake wasa ba, galibi shida ne ko takwas a cikin akwatin rabo. Kwali shida karta 312 ke nan. Ƙirgen da ya kai tara alhali sauran kwali biyar bai kai wanda ya kai tara ana sauran kwali biyu ƙarfi ba, kamar dai cokalin gishiri ne a kofi da cokalin gishiri a randa. Shi ya sa ake raba ƙirgen da yawan kwalayen da suka rage, a sami abin da ni nake kira ƙirgen gaskiya. Tara, saura kwali uku, ƙirgen gaskiya uku. Yawan abin da ya rage kuwa da ido ake kintata shi, ka saci kallon tarin kartar da aka riga aka zubar, yadda ɗan Kwari yake kallon ragowar bandir ya gaya maka yadi nawa ne ba tare da ya ɗauko magwaji ba. A nan na fi ƙwarewa. Idona bai cika kuskuren da ya kai rabin kwali ba.

Na je Sabon Gari na sayo kwali shida na ɓoye a ƙarƙashin littattafan kanti. Idan yara suka yi barci sai in kulle falo, matata tana zaton lissafin Alhaji nake. Nakan zare karta ɗaya in kife, in ƙirga sauran 51, in faɗi daga wane rukuni wadda na kife take. Da farko minti biyu nake yi. Bayan wata uku na sauko ƙasa da daƙiƙa 25. Na koyi ganin karta bibbiyu, K da 4 su kashe juna ba sai na ƙirga su ba. Na riƙa kunna rediyo da ƙarfi don in saba da hayaniya. Na haddace jadawalin wasa, mai nuna yadda ake buga kowane hannu, kamar karatun allo, har da wuraren da ƙirge ke sauya hukunci: kana da 16 mai rabo yana nuna goma, ka tsaya in ƙirgen ya kai sifili ko ya haura, inshorar da mai rabo ke tayi kuwa, wato ƙarin zubi a kan cewa shi ne ya sami 21, kada ka karɓa sai ƙirgen gaskiya ya kai uku. A cikin adaidaita sahu daga Kwari zuwa gida, lambobin motocin da ke gabana nake ƙirgawa, ƙara ɗaya, rage ɗaya.

Kada wani ya ce jahilci ne. Na yi Islamiyya. Na san aya ta 219 a Baƙara, na san ta 90 da 91 a Ma'ida inda Allah ya haɗa caca da giya ya kira su ƙazanta daga aikin Shaiɗan. Ina saurayi aka ƙaddamar da Shari'a a Kano a 2000, a gabana Hisba ta kafu. Amma na yi wa kaina fatawa. Na ce caca ita ce jingina da sa'a, ni kuwa da ilimi nake jingina, don haka abin da nake yi ya fi kusa da kasuwanci. Ban taɓa kai wannan fatawa gaban wani malami ba, domin can cikin raina na san amsar da zan samu.

Zamana na farko a tebur, da naira dubu 150 na gumina na shiga, na fito da dubu 410. Na sayo wa matata leshi, na ce alheri aka yi mini a hanya. Tafiya ta biyu ma na ci. Yau in aka tambaye ni wane dare ne mafi sharri a rayuwata, ba daren da aka cinye ni zan nuna ba, wannan na farkon zan nuna.

Akwai wani ɓangare na karatun da na riƙa tsallakewa saboda ba ya mini daɗi. Wanda ya buga jadawali daidai, gida yana rinjayarsa da kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Kowane hawa ɗaya na ƙirgen gaskiya yana matso da kusan rabin kashi zuwa wajenka. Gwanin ƙirge, in an haɗa komai, ribarsa tana yawo ne a wajen kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ya zuba. Mu ɗauka ka buga hannu 100, kowanne dubu 20. Ka juya miliyan 2, lissafi ya yi maka alkawarin dubu 20 kacal. Amma hawa da saukar wannan dare ɗaya yana iya wuce dubu 200, sama ko ƙasa, ba tare da ka yi kuskure ko ɗaya ba. Kuma a hannu 100, kusan 42 kake ci, kusan 49 a cinye ka, saura kunnen doki. Kafin wannan 'yar ribar ta fito fili sai ka buga dubban hannaye, da jarin da ya ninka babban zubinka sau ɗaruruwa. Ɗaliban Amurka da nake karanta labarinsu gungu ne, da masu zuba musu jari. Ni kuwa ni kaɗai ne, da albashin yaron kanti, ina zuwa Legas sau ɗaya a wata biyu. A kanti in kasuwa ta ƙi, turminka yana nan a kan kanta yana jiran gobe. A tebur babu abin da ke jiranka.

Daren da na fara taɓa amana, ƙirgen gaskiya ya haura biyar. Irin lokacin da mai ƙirge yake kwana yana jira ke nan. Na zuba mafi girman abin da nake da shi. Na sami 20, mai rabo yana nuna 6. Ya buɗe ta ƙasa goma, 16 ke nan, ya ja, sai ga 5. Hannu na gaba na sami 11, na ninka zubi, aka ba ni 2. Na gaba na sami takwas biyu, na raba su hannu biyu kowanne da zubinsa, duka suka faɗi. Cikin minti goma aljihuna ya bushe, alhali ƙirgen yana nan sama, yana gaya mini manyan suna ciki. A jakata akwai kuɗin fiton kayan Alhaji. Na ce aro ne na minti biyar. Har yanzu ina jin sanyin zik ɗin jakar a yatsuna.

Daga nan littafin kanti ya fara samun lambobin da ba su da kaya a bayansu. Wanda ya iya lissafi ya iya ɓoye rami, kuma Alhaji bai taɓa bin bayana ba.

Su ma masu gidan ba barci suke ba, kifi na ganinka mai jar koma. Ƙirge da ka ba maguɗi ba ne, amma wanda zubinsa ke hawa da sauka tare da karta ba ya ɓuya. Da farko sai na ga in na zauna, mai rabo yana cusa katin yanka, wanda in an iso shi ake sake gaurayawa, a tsakiyar akwati, a gauraya tun rabi bai fita ba, ƙirgen bai kai ko'ina ba. Wata tafiyar kuma na tarar an kawo injin da ake mayar masa da karta bayan kowane hannu, yana gaurayawa ba tsayawa. A gaban wannan injin ƙirge ya mutu murus, babu abin da ya wuce balle ya ba da labarin abin da ya rage. Na san haka sarai. Na tsaya na kalli injin, na ja kujera na zauna, na buga har asuba. Da a ce lissafi ne ya kawo ni, da na juya tun daga ƙofa.

Da aka yi kullen korona a 2020, hanyar Legas ta toshe, sai na koma waya. A can kwamfuta ce ke gaurayawa bayan kowane hannu. Inda ake nuna mai rabo kai tsaye kuma, kwali takwas ne, a yanke wajen rabi. Duk da haka bakina yana motsi, ƙara ɗaya, rage ɗaya. Filina na Rijiyar Zaki ya tafi. Sarƙa da 'yan kunnen matata na gwal, da na ce zan juya mata su a kasuwa, suka bi shi.

A azumin shekarar masallatai suna rufe, ni nake jan iyalina salla a falo. Wata isha'i ina tsaye ina karanta Fatiha da baki, kaina yana kan wani hannu da aka cinye ni da la'asar, ina sake ƙirga shi. Sai na ji muryar babban ɗana, lokacin shekararsa tara, yana cewa "Subhanallah." Ya sake faɗa. Ashe na miƙe raka'a ta biyar. Na zauna, na yi ba'adi. Da muka sallame yaron ya ce, "Abba, jiya ma haka ka yi." Mutumin da ke riƙe karta 312 a ka ya kasa riƙe raka'a huɗu a gaban Ubangijinsa. Na shiga banɗaki na yi kuka, na rantse na daina. Kwana goma sha ɗaya rantsuwar ta yi.

Zuwa daminar 2022 ramin ya kai naira miliyan 6 da dubu 800. A daminar ne ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata dukiyar jama'a, mutane suna tsamo atamfa daga cikin laka suna salati. Mu ma ya taɓa mana sito, amma kaɗan. Da Alhaji ya ce in rubuto asarar, sai na zuba ramina gaba ɗaya a cikin ruwan. Ya karanta takardar, ya ce "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, Allah ya mayar da alheri." Sannan ya zaro dubu 50 ya miƙo mini, ya ce na ga yadda ka kwana kana kwasar ruwa, ka sai wa yara wani abu.

Wannan dubu 50 ɗin ce ta karya ni. Kwana shida tana aljihun rigata, na kasa kashewa, na kasa barci. A na bakwai na tafi wajen mahaifiyata bayan magariba, na durƙusa na zayyana mata komai. Ba ta yi faɗa ba. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "Ubanka ya mutu bai bar mana ko ɗaki ba, amma babu wanda ya zo kan gawarsa da takardar bashi. Gobe in ka idar da asuba kada ka biyo ta nan, gidan Alhaji za ka."

Na same shi a zaure yana lazimi. Na ajiye makullai da dubu 50 ɗin a gabansa, na ce, "Alhaji, ba ruwa ne ya ci kayanka ba, ni ne." Na faɗi tun daga Legas har zuwa takardar ƙarya. Shirun da ya yi ya fi mini duka ciwo. Can ya ce, "Kuɗin ba su dame ni kamar ruwan ba. Allah ya jarrabi bayinsa, mutane suna kuka da gaske, kai kuma ka laɓe a bayan kukansu." Bai kai ni wajen 'yan sanda ba, bai kai ni Hisba ba, bai gaya wa ko 'ya'yansa ba. Ya ɗauki makullan ya sa a aljihu. Ya ce in ci gaba da zuwa kanti, za a riƙa cire wani abu duk wata har in gama. Dubu 50 ɗin kuwa ya turo mini, ya ce wannan ta yara ce, ba su suka yi ba.

Matata ta fi wuya. Wata biyu ta yi a gidansu a Gwammaja kafin manya su sa baki ta dawo, kuma ban ga laifinta ba. Sarƙar gadon mahaifiyarta ce.

Sai a lokacin na kai tsohuwar fatawata gaban malamin unguwarmu. Na ce, "Allah gafarta Malam, idan mutum da ilimi yake ci ba da sa'a ba fa?" Ya ce in gaya masa, kuɗin da nake ci, me na sayar aka ba ni su, wane aiki na yi wa wa? Na rasa amsa. Ya ce, "Ɓarawo ma akwai gwani. Gwaninta ba ta taɓa halatta abin da Allah ya haramta ba." Ya karanta mini hadisin da ke cewa wanda ya ce wa ɗan'uwansa zo mu yi caca, to ya yi sadaka. Ya ce in furta gayyatar kawai tana bukatar kaffara, ina ga shekara biyar a kan tebur. Ya umarce ni in lissafa duk abin da na taɓa ci, leshin nan da sauransu, in fitar da kwatankwacinsa bayan na gama da haƙƙin Alhaji.

Abin da ya sa na ga dole in yi magana shi ne, ina jin maganata ta dā a bakin yaran kasuwa. Yaro yana riƙe da waya yana bin alƙaluman ƙwallon Ingila da Sifaniya, ka yi masa magana ya ce, "Yaya, ni ba caca nake ba, nazari nake." Hisba tana rufe shagunan caca, kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na Nuwamba 2024 da ya mayar da ikon wannan harka hannun jihohi ta ƙara samun ƙarfi. Amma shagon da ya cinye ni a ƙarshe a aljihuna yake, babu mai iya sa masa kwaɗo sai ni. Kuma a abin da na gani, ba dolaye abin nan ya fi kamawa ba. Dolo in an cinye shi sau uku ya ce ba shi da sa'a ya tafi. Mai kaifin kai shi ne yake da hujjar dawowa, domin kullum yana da lissafin da ke nuna masa cewa gobe tasa ce. Nawa lissafin ma daidai ne, Thorp bai yi ƙarya ba, kuma daidai ɗin nan ne ya riƙe ni a kujera.

Yanzu ƙaramar waya mai madannai nake riƙewa, asusuna na banki kuma saƙonsa wayar matata yake shiga. Kwalayen shida na ƙona su a bayan gida. Ƙirgen dai bai fita daga kaina ba. Jiya ma a danjar Ƙofar Mata na tsinci kaina ina bin lambar wata mota, sai na yi maza na mayar da shi istigfari, haka Malam ya ce in riƙa yi. Babban ɗana ya gado kan nan nawa, shi ne na ɗaya a lissafi a ajinsu, kuma na yi niyyar in zaunar da shi in gaya masa komai da bakina kafin ya kai shekarun da za a ba shi waya.

Saura naira miliyan 1 da dubu 900 a kaina. Makon jiya wani baƙo daga Agadas ya ɗibi kaya masu yawa, yaran suna ta fama da kalkuleta, sai na ji Alhaji daga kujerarsa ya ce, "Ku tambayi wancan." Rabon da ya faɗi haka tun kafin ruwan. Na faɗi jimlar, ta yi daidai. Makullin sito dai har yanzu yana aljihunsa, ni kuma ban tambaya ba.